Neman Ɗan Haya Kafin Aza Bulo

Shekarun baya, a wata shekara da albasa ta yi mini rana, na wayi gari da kuɗin da ban saba riƙewa ba. Sana'ata ke nan tun ina saurayi: in bi ƙauyukan Bodinga da Shagari in sayi albasa a hannun manoma, in loda mota in kai kudu. A shekarar kaya sun yi ƙaranci a can, ni kuma na isa da wuri, Allah ya sa na dace. Duk wanda ya san harkar ya san irin wannan sa'a ba ta cika dawowa ba, don haka na ce gara in binne kuɗin a ƙasa tun ba su bi iska ba.

Ina da fili a Bodinga, rabona na gadon mahaifinmu, layi biyu daga bakin titi. Ina kuma da idon da ya sha kallon gine-ginen mutane ta tagar babbar mota. Sai na yanke shawarar in gina gidaje huɗu irin na birni, kowane ciki da falo, ƙasa tayil, sama silin, ga tankin ruwa a kan ƙarfe yana hango gari. Na biya aka yi mini zane. Na sa aka sauke bulo mota guda a bakin filin don kowa ya san da gaske nake. A kwanakin nan har tafiyata ta canza, na fara tafiya irin ta masu gidajen haya.

Abu ɗaya ya rage. Takardar filin tana wurin mahaifiyata, cikin tsohon akwatin ƙarfe da take ajiye kayanta masu muhimmanci, kuma sai da takardar ake ba da izinin gini. Na je da hantsi na gaishe ta, na shimfiɗa mata zanen a kan tabarma. Ta ɗauka ta duba shi a juye, ban gyara mata ba.

Ta ce, "Ya yi kyau. Su wa za su shiga?"

Na ce, "Ma'aikata, Inna."

"Wane ma'aikaci?"

"Ma'aikata dai. Ga sakatariya nan, ga asibiti, ga makarantu."

Ta naɗe zanen ta miƙo mini. "Ni ban san wani mutum mai suna ma'aikata ba. Ka kawo man guda, in gan shi da idona, shi ce in ka gina za shi shiga, shi biya. Rannan ka amshi takardarka."

Na yi dariya, na ce ai wannan aikin kwana biyu ne. Wata huɗu na yi ina yin sa.

Na fara da sakatariya. Da safe na zauna wurin mai shayin da ke kallon ƙofarta, ina ganin motoci da babura suna shigowa daga hanyar Sakkwato. Bayan azahar na sake zama, na ga waɗannan motocin dai sun juya sun kama hanyar da suka fito. Kwana uku ina wannan kallon kafin in tari wani babban ma'aikaci da muke gaisawa, in faɗa masa shirina. Ya saurare ni da mutunci har na gama.

Ya ce, "Alhaji, Allah shi sanya albarka. Amma iyalina na Sakkwato, yarana can suka karatu. In na tashi nan, kahin shayinka shi huce na kai gida. In kama haya nan in kwana da wa?"

Na koma kan ƙananan ma'aikata. Wani masinja ya ce mini, "Ranka shi daɗe, gidanmu na bayan masallacin Juma'a. Ɗakin da anka haihe ni, cikinai nika kwana." Na samu wani matashi guda da ya yi ta yaba zanen, ya ce lalle irin gidan da yake nema ke nan. Da na ce to ya zo mu je wurin mahaifiyata ya maimaita, sai ya tuna cewa yana jiran takardar canjin wurin aiki zuwa birni.

A nan na fara fahimtar abin da ban taɓa tsayawa na duba ba. Kusancin Bodinga da Sakkwato, wanda nake alfahari da shi a matsayin darajar filina, shi ne ke kwashe mini 'yan haya kullum da rana tsaka. Mai ƙarfin biyan irin gidana ba ya kwana a garin, mai kwana a garin kuma yana da gidan ubansa.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, dillalin filaye ne, bakinsa ya fi zuma. Da na kai masa kuka ya ce, "Mutumina, bar batun gidan kwana. Shaguna za ka yi. Ka taɓa ganin shagon da yak kwana da yunwa?" Maganar ta shige ni, amma na riga na koyi tambaya. Na bar ranar kasuwa ta wuce, domin ranar kasuwa ko inuwar bishiya haya ake ba da ita, na fito washegari na bi layin shagunan bakin titi da ƙafa. Wasu a buɗe, wasu da yawa a garƙame, kwaɗonsu har ya yi tsatsa. Na tsaya wurin wani dattijon tela da ya daɗe yana yi mini ɗinki, na tambaye shi ko zai koma sabon shago in na gina, mai faɗi, mai fanka.

Bai ɗaga ƙafa daga keken ba ya ce, "Ina hilin yake?"

Na kwatanta masa.

"Bayan gidan mai itace? Alhaji, shago ƙahwa shika ci. Nan inda nike, mai zuwa tasha ta gabana shika bi, mai zuwa kasuwa ta gabana. Can wa ka bi, in ba awaki ba?"

Na yi masa godiya. Da na koma filin na tsaya kusan awa guda ina duban hanya, mutum uku suka wuce, sai awaki da ban ƙirga ba.

Daga nan ne na yi tunanin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce tunda albasa ce sana'ata, bari in gina babban sito, manoma su riƙa ajiye kayansu suna biyana, su jira farashi ya tashi. Na hau babur na tafi Mandera wurin wani manomi da na shekara goma ina sayen albasarsa. Na same shi yana gyaran rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta. Na zayyana masa sitona: bangon siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe.

Ya ajiye igiyar hannunsa ya dube ni da kyau. "Alhaji, kai da kanka? Albasa cikin siminti da kwano, da zahin ga namu? Kwana nawa kaka ba ta kahin ta zama miya?"

Na san wannan. Ni ne mai buɗe buhu in shinshina in ce an bar ta ta sha zafi. Amma son in ga na yi gini ya rufe mini ido har na manta abin da hancina ya sani. Ya ƙara da cewa karan nasa ne, ciyawar tasa ce, rudun yana bayan ɗakinsa inda yake ganin sa, to don me zai ɗauki kaya ya kai Bodinga ya biya wani? Ya ba ni fura na sha, na hau babur na dawo ban ce wa kowa ga inda na je ba.

Lokacin nan damina ta kawo kai. Ciyawa ta fara fitowa tsakanin bulon da na sauke. A majalisa an sa mini suna mai bene, ko da yake ba bene na ce zan gina ba. Siminti yana ƙara tsada, kuɗin kuma suna raguwa, domin kuɗi in suna zaune kowa yana jin ƙamshinsu: wannan biki, wancan rashin lafiya, ga wanda zai biya ka bayan girbi. Abin ya fara hana ni sukuni. Abokina ya ce in gina kawai, gini shi ke kiran mutane. Da na tuna masa sharaɗin mahaifiyata sai ya ce abu mai sauƙi, yana da ɗan'uwa mai kama da ma'aikata, a sa masa tabarau a ba shi fayil ya riƙe, mu kai mata. Ba zan ɓoye muku ba, na yi yini guda ina juya maganar. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ne kaɗai ba, har da sanin cewa tambaya biyu za ta yi masa ta gano kakarsa ta wajen uwa.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba, mahaifiyata ta ce in kai wa ƙanwata buhun gero a Shagari. Ƙanwata ungozoma ce, shekara biyu ke nan da aka tura ta asibitin can, mijinta kuma yana aiki a wata jiha, sai ƙarshen wata yake zuwa. Na saba in zan wuce in tsaya bakin asibiti mu gaisa, in miƙa mata saƙo in wuce. Rannan ba ta wurin aiki, aka kwatanta mini gidan da take haya. Buhun ya yi mata nauyi, mai gidan ya ce, "Shiga da shi, ai kai yayanta na."

Na shiga. Ɗaki ne guda a kusa da zaure, su uku a ciki: ita, da wata nas, da wata malamar makaranta. Katifu uku a jingine da bango, risho a bayan ƙofa, fararen kayan aikinsu a rataye a igiya cikin ɗakin saboda tsakar gidan hanya ce, samarin gidan da baƙinsu ta nan suke wucewa. Bayi ɗaya ne ga gidan duka, mutum ya fi ashirin. Ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Masu gidan mutanen kirki ne, abin da suke da shi suka bayar. Amma na tsaya da buhu a kafaɗa na rasa inda zan sauke shi.

Na ce, "Ke kuwa, don mi ba ki nemi wuri mai dama ba?"

Ta ce, "Ina shike, Yaya? Nuna man."

Ta ce tun zuwanta mata nawa aka turo asibitin nan da makarantun kewaye, har da masu zuwa Lambara da Horo Birni. Wasu sun yi wata biyu sun nemi canji. Wasu ko kayansu ba a sauke daga mota ba, uba ko miji ya leƙa ɗakin da aka samar musu ya ce a juya. Shagari ba kamar Bodinga ba ce, mace mai aikin kwana ko mai shiga aji da sassafe ba za ta iya zuwa daga Sakkwato kullum ta koma ba. Albashi suke ɗauka, suna da abin biya, wurin ne babu.

"Kuma na sha hwaɗa maka," in ji ta. "Kullum sai ka ce Allah shi kawo sauƙi."

Gaskiya ta faɗa. Na bi sakatariya, na bi teloli, na je har Mandera aka yi mini dariya, alhali mai neman gidan tana cikin gidanmu, shekara biyu tana gaya mini a waya ina amsa mata da addu'a.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Ban ce zan gina komai ba. Na roƙe ta ta tara mini su ranar da suke da sarari. Muka zauna a barandar asibiti bayan la'asar, ni a kan benci can gefe, su a kan tabarma, mata bakwai. Na fito da zanena na nuna musu, har yanzu ina ɗan sa rai wani zai yabe shi. Suka miƙa wa juna cikin ladabi, aka dawo mini da shi.

Babbarsu, wata nas da ta kusa ajiye aiki, ita ta yi magana. "Alhaji, falon ga wa za mu tara cikinai? Tayil kuwa santsi garai, kuma kuɗɗinai kanmu za su ƙare. Ka ba mu katanga mai tsawo, da ƙohwa guda. Kowace da ɗakinta, da bayinta, da ɗan wurin girki. Ruwa cikin gida. Wurin shanya inda ba a hange. Kuma shi zan kusa, mu taka da ƙahwa zuwa aiki."

Malamar makaranta ta ƙara da cewa kada a haɗa su da 'yan haya maza, ko da masu iyali ne. Wata ta ce kuɗin shekara a dunƙule ba za su iya ba, amma wata-wata in albashi ya shigo ba matsala. Na tambaye su nawa za su iya biya ba tare da sun takura ba, suka faɗa, na rubuta a bayan zanen. Wannan ne amfanin da zanen ya yi mini. Sannan na tambayi abin da ya fi damuna: in an canza musu wurin aiki fa? Babbar ta ce asibiti ba ya tashi, makaranta ba ta tashi, in wata ta tafi wata za a turo, kuma wadda za ta tafi ita ce za ta fara gaya wa mai zuwa inda za ta sauka.

Kafin mu tashi ƙanwata ta ce, "Yaya, ka san ba mu kaɗai za ka gamsar ba. Wagga mijinta ka yanke magana, waccan babanta." Na riƙe wannan. A makon na nemi mijin ɗaya daga cikinsu a Sakkwato, na kira mahaifin wata a waya. Ba wanda ya tambaye ni faɗin ɗaki. Tambayarsu ɗaya ce: wa ke riƙe da ƙofa?

Ranar Juma'a na ɗauko ƙanwata da abokan zamanta biyu na kawo su Bodinga. Suka durƙusa suka gaida mahaifiyata. Na ce, "Inna, guda kinka ce. Ga uku." Ta yi musu tambayoyi sun fi na alƙali: 'yar wace ce ke, ina mijinki, nawa za ki biya, in albashi ya makara fa. Da suka fita ta jawo akwatin ta ba ni takardar. Na tambaye ta ko da gangan ta aike ni Shagari. Ta ce, "Ni gero na aike ka kai." Har yau ba ta ƙara kalma ɗaya a kan wannan ba.

Sai dai takardar ta Bodinga ce, masu hayar kuma suna Shagari. Dole in sayar da wani abu in sayi wani. Ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a mazan danginmu yanzu, da ya ji labari ya aiko a kira ni. Na cire takalmi tun daga zaure na zauna ƙasa.

Ya ce, "Na ji za ka sai da hilin ubanka ka tahi ƙauye."

Na ce, "Allah shi ƙara maka lahiya, Baffa, rabi na za ni saidawa. Rabin na nan da sunan gidanmu."

"Mutane na barin ƙauye su matso birni, kai kana komawa baya."

Na ba shi labarin wata huɗun nan tun daga mai shayi har barandar asibiti, ban rage komai ba, har da na Mandera. Ya yi dariya a wurin albasar, kuma ina jin dariyar ce ta sassauto da shi. Can ya ce, "Ubanka ma bai sayen akuya sai ya duba haƙoranta. Tahi, Allah shi yi albarka. Amma rabin nan kar in ji."

Maƙwabcin filin ya daɗe yana son faɗaɗa gidansa, shi ya sayi rabin. Abokina ne ya yi dillancin, yana yi yana ce mini na haukace, kuma shi ne dai ya samo mini fili a Shagari, tafiyar minti kaɗan daga asibiti, a farashin da ya bar mini ragowa mai kyau. Ya karɓi la'adarsa sau biyu, bai fasa ce mini mahaukaci ba.

Ina ganin na gama da wahala, ashe babbar tana gaba. An fara haƙa harsashi sai mai unguwa ya aiko. Na je na tarar da shi da limamin unguwar da dattawa biyu. Bayan doguwar gaisuwa liman ya gyara murya.

"Alhaji, mun ji za ka gina gidan mata."

Kowa ya san abin da ake nufi da gidan mata a ƙasar Hausa, ni kuwa da bakina na yi ta yawo ina cewa gida zan gina na mata zalla, ban taɓa sauraren yadda maganar ke faɗawa a kunnen mutane ba. Na ga ranar da za a ce a tsayar da aiki, rabin filin mahaifina ya riga ya tafi, ƙanwata kuma sunanta ya shiga bakin duniya saboda ni.

Na ce, "Allah shi gafarta malam, kuskuren bakina na. Waɗanda za su zauna, su na masu amsar haihuwar matanku, su na masu koya ma ɗiyanku karatu. Guda cikinsu ƙanwata ta, uwa ɗaya uba ɗaya."

Mai unguwa ya ce sun san ƙanwata, ita ta karɓi haihuwar jikarsa. Amma yau ita ce, gobe wata ce da ba su sani ba, ni kuma ina Bodinga ko ina kudu. Wa zai tsaya? Tambayar nan dai ta mazaje da iyaye ce ta sake dawo mini. Na nemi su ba ni mako guda.

Ina da gwaggo, yayar mahaifina, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, tana zaune a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa tana jin kanta kamar kaya. Mace ce mai ibada, mai kaifin harshe, wadda ko ni ba na son in biyo ta gabanta ba hula. Na je na roƙe ta: in gina mata ɗaki na farko a bakin ƙofa, nata ne ba haya, ita ce uwar gidan. Ta ce sai ta yi shawara. Kwana biyu ta aiko a gaya mini tana son ƙofar ɗakinta ta kalli gabas, kuma a bar mata wurin kaji.

Na kai ta ta gaida mai unguwa da liman. Ba su daɗe da fara magana ba suka gano mijinta marigayi da liman sun yi karatu a zaure ɗaya. Aka yi addu'a, aka ce a ci gaba da aiki, kuma daga ranar sunan wurin ya zama gidan ma'aikata.

Ɗaki shida na gina bayan na gwaggo. Daɓen siminti, ba tayil. Kowane da bayi da ɗan wurin girki. Rijiya a tsakar gida da famfo mai aiki da hasken rana, wanda shi ne abu mafi tsada da na saka, kuma shi ne ban taɓa nadamarsa ba. Kuskure ɗaya na tafka: na sa magini ya yi tagogin baya manya kuma ƙasa-ƙasa, don na ga haka ake yi a birni. Ƙanwata ta zo duba aiki ta tsaya a waje ta leƙo ta ce, "Yaya, ina ganinka har takalmi." Aka rushe aka ɗaga su. Kafin fenti ya bushe ɗakuna shidan sun cika.

Ba zan ce muku ba a taɓa samun matsala ba. Akwai watannin da albashi ke makara in yi haƙuri, akwai lokacin da famfo ya lalace na yi sati ina jin faɗan gwaggo a waya. Kuma abin da gidan ke kawowa ba irin ribar albasa ba ce ta shekarar sa'a. Amma yana zuwa ko kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi, kuma tun da aka buɗe shi ban tuna ɗakin da ya yi wata biyu a rufe ba. Ƙanwata ta daɗe da komawa kusa da mijinta, wadda ta gaje ta a asibiti ita ta gaji ɗakin.

Yanzu in wani ya zo mini da zane yana tambayar ko gidan haya na da riba, ba na cewa e ko a'a, domin kasuwar gidaje ba guda ba ce. Ma'aikacin Bodinga daban, na Shagari daban, ko da albashinsu ɗaya. Tela daban, manomi daban, mace mai aikin asibiti daban. Ina ce masa ya zaɓi mutanen da yake nufi, ya je inda suke, ya ga inda suke kwana yanzu da abin da ke damunsu a can, ya ji abin da za su iya biya daga bakinsu, sannan ya binciki wanda ke yanke musu shawara. In ya je wuri uku aka yi masa dariya, ya gode wa Allah, dariya ta fi bangon da ba kowa a cikinsa araha. Na faɗi wannan da ƙarfin gwiwa domin a jikina na koye shi.

Bara ina gidan ana gyaran magudanar ruwa sai ga wata mota ta tsaya, katifa ɗaure a samanta. Wani dattijo ya fito, ya ce daga gabashin jiha suke, an turo 'yarsa asibiti, aikinta na farko ke nan. Ya bar ta a mota. Bai san ni ne mai gidan ba, ni kuma ban faɗa ba. Ya zagaya katangar ta waje har ya dawo, ya girgiza ƙofar ƙarfen ya ji ƙarfinta, ya yi sallama. Gwaggo ta fito da carbinta, ta yi masa tambayoyi sun fi waɗanda ya yi mata. Ta sa aka ɗebo masa ruwan rijiyar ya sha. Ya miƙa kofin, sannan ya koma bakin mota ya sunkuya ta taga.

Ya ce, "Sauko, ɗiyata. Nan za ki zauna."

Ni na kama masa muka kwance katifar.